Karanta fayil da rubuta shi ba tare da tsayawa jira ba a Windows, Linux da Android

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara maimaita tambayarka saboda waɗanda ba su gan ta ba. Ka rubuta wa wata ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo da ke ƙasar Gumel manhajar da take riƙe lissafin buhunan da aka ɗora a sikeli, da bashin taki, da hotunan rasit. Kwamfutar da ke sito Windows ce a kanta, sabar da kuke haya, wato kwamfutar nesa da take karɓar bayanan ta intanet, Linux ce, wakilan da suke zagaya ƙauyuka kuwa wayoyin Android ne a hannunsu. Da yaren Python ka rubuta manhajar kwamfutar da ta sabar, ta waya kuwa da yaren Kotlin. Ranar Alhamis, idan kasuwar Maigatari ta cika aka yi ta shigar da awo ba ƙaƙƙautawa, manhajar takan tsaya cak na wasu daƙiƙu duk sa'ad da take ajiye hoto. Sannan akwai ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, da aka tayar da janareta aka kunna kwamfuta sai aka tarar fayil ɗin lissafin ranar yana nan da sunansa amma babu komai a cikinsa. Wani ya ce maka io_uring, wata hanyar Linux ta miƙa aikin fayil ba tare da jira ba, shi ne maganin duka, shi ne kake tambaya ko akwai hanya guda ta karanta fayil da rubuta shi ba tare da manhaja ta tsaya jira ba, wadda za ta yi aiki iri ɗaya a kan manyan manhajojin nan uku, wato Windows da Linux da Android.

Amsata a taƙaice ita ce babu irin wannan hanya a matakin babbar manhaja, kuma aikin da ke gabanka bai kai ga bukatarta ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ciwo biyu ka kawo, kuma ba magani ɗaya suke sha ba. Tsayawa cak matsalar jira ce, wato zaren aikin da yake kula da fuskar manhaja shi ne kuma yake zaune yana sauraron diski. Zare a nan shi ne layin aiki guda da manhaja take gudanarwa, kuma tana iya gudanar da zarurruka da yawa lokaci guda. Fayil ɗin da aka tarar wayam kuwa matsalar tabbatar ajiya ce, wato manhajar ta ɗauka an rubuta alhali bayanan suna cikin RAM ba su sauka kan diski ba. Idan ka warware ta farkon ka bar ta biyun, haɗari ka ƙara wa kanka, domin manhajar za ta riƙa nuna wa magatakarda cewa an ajiye tun kafin a soma rubutun ma.

Duk lokacin da manhaja ta nemi a karanta mata fayil, ba ita take taɓa diski ba. Roƙo take miƙa wa kenel, wato zuciyar babbar manhaja, shi kuma ya duba ko bayanan suna cikin ma'ajiyar wucin gadi da yake riƙewa a RAM. In suna nan, zai kwafo su cikin 'yan maikurosakan, ba wanda zai lura. In ba su nan, sai ya kwantar da zaren da ya yi roƙon har diski ya amsa. Tsohon diski mai juyawa, irin wanda ke cikin wasu kwamfutocin cinya na hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu, yakan juya sau 5400 a minti, wato zagaye ɗaya yana cin milisakan 11 da 'yan kai, kuma in aka haɗa da lokacin da allura take ɗauka kafin ta isa wurin da ake nema, roƙo guda na iya cin milisakan 15 ko fiye. Fuskar da take sabunta kanta sau 60 a daƙiƙa kuwa milisakan 16 da ɗoriya kaɗai take da su tsakanin zane da zane. Diskin SSD yana amsawa a ƙasa da milisakan ɗaya, amma memorin waya da filasha suna iya yin shiru na ɗaruruwan milisakan yayin da suke share gurabe a cikinsu kafin su karɓi sabon rubutu.

Manyan manhajoji sun bi salo biyu domin kauce wa wannan jira, kuma injin niƙa na ƙauye zai bayyana maka su. A salon farko, za ka bar masararka a gida ka ce wa mai inji ya aiko a gaya maka in layi ya ƙare, sannan ka ɗauki kwanonka ka je da kanka a niƙa nan take. Wannan shi ne salon sanar da shiri, wanda dangin Unix, irin su Linux da macOS, suka gada. A salo na biyu, za ka kai kwanon ka bar shi da alama ka koma gona, mai inji ya aiko in an gama. Wannan shi ne salon sanar da kammalawa, wanda Windows ta ginu a kansa. Akwai kuma dabarar da kowace uwa ta sani, wato ta aiki yaro ya je ya tsaya a layin ita ta ci gaba da aikinta. Jiran yana nan, sai dai ba ita take yin sa ba. Yaron nan shi ne zaren aiki na gefe.

A ɓangaren Unix, select, wato kiran da manhaja take yi domin tambayar ko an shirya, ya fito a 4.2BSD a 1983, daga baya poll ya biyo, sai kqueue da Jonathan Lemon ya rubuta wa FreeBSD a 2000, sai epoll da ya shiga Linux a 2002. Dukkansu domin soket, wato ƙofar da manhaja take aika saƙo da karɓarsa ta hanyar sadarwa, da makamantansa aka ƙera su, kuma a can suna da ma'ana, saboda saƙon intanet yana zuwa ne lokacin da na ɗaya ɓangaren ya ga dama, don haka tambayar ko wani abu ya iso tambaya ce mai amsa. Fayil ɗin da ke kan diski ba haka yake ba. Babu wanda zai ɗauko bayanansa sai ka nema, saboda haka ba ya da wani lokaci da zai tashi daga rashin shiri ya koma shiri. Shi ya sa ƙa'idar POSIX, wadda dangin Unix suke bi, ta ce select da poll kullum za su amsa cewa fayil na yau da kullum a shirye yake, ko da karatun zai kwantar da zarenka na rabin daƙiƙa. Shi epoll ƙin karɓar fayil ɗin yake yi gaba ɗaya, ya mayar maka da kuskuren EPERM, tutar O_NONBLOCK kuma ba ta sauya komai a kansa. Wannan ne dalilin da ya sa asyncio, laburaren Python na gudanar da ayyuka da yawa a zare ɗaya ba tare da tsayawa jira ba, bai zo da hanyar karanta fayil ba. Idan a sabarka akwai wurin da ka kira open da write kai tsaye a cikin aikin async, to duk lokacin da diski ya yi nauyi zagayen sauraron, wato zaren da yake karɓar roƙon kowa, gaba ɗayansa ne yake tsayawa, kuma kowane wakili da ke ƙoƙarin tura awo daga ƙauye yana jiran hoton mutum ɗaya ne ba tare da ya sani ba.

An yi yunƙuri biyu na cike wannan giɓi kafin io_uring, kuma za ka gamu da su a tsofaffin rubuce-rubuce, don haka gara ka san su ka wuce. POSIX ta tanadi aio_read da aio_write, amma a Linux laburaren glibc da zarurrukan gefe ya aiwatar da su, wato yaron aike ne aka sa wa babbar riga. Linux kuma tana da nata, wanda ake kira ta io_submit, sai dai bai cika yin aiki ba tare da jira ba sai an buɗe fayil da O_DIRECT, wanda yake tsallake ma'ajiyar wucin gadi ta kenel, ya kuma wajabta maka daidaita mazubinka, wato gurbin RAM da za a zuba bayanan, da wurin da za ka fara karatu da tsawon karatun bisa girman gurbin diski, galibi bayit 512 ko 4096. Masu rubuta manyan rumbunan bayanai sun amfana da shi saboda da ma su suke riƙe ma'ajiyarsu da kansu. Ga mai ajiye hoton rasit wahala ce ba riba.

Shi io_uring, Jens Axboe ne ya rubuta shi, ya shiga Linux 5.1 a 2019, kuma a gaskiya kyakkyawan aiki ne. Manhaja da kenel suna raba zobba biyu a cikin RAM: a ɗaya manhaja take jera roƙonta, a ɗayan kenel yake jera sakamako. Ana iya jera roƙo da yawa a miƙa su da kira guda, ba sai an shiga kenel an fito domin kowane ɗaya ba, kuma yana aiki da ma'ajiyar wucin gadi ba tare da sharaɗin O_DIRECT ba. Daga Linux 5.6 a 2020 har buɗe fayil da rufe shi da tambayar girmansa ana iya yi ta cikinsa. Da wannan Linux ta sami salon sanar da kammalawa na haƙiƙa. Amma ka lura da abu ɗaya da masu yabonsa ba su cika faɗa ba: idan kenel ya gwada roƙon ya ga ba zai kammalu nan take ba kuma babu hanyar jiransa a ɓoye, miƙa shi yake yi ga wasu zarurruka nasa na ciki. Dabarar aike ba ta ɓace ba, ta koma cikin kenel ne.

Ba a nan ma gizo yake saƙa ba. A watan Yunin 2023 kamfanin Google ya bayyana cewa kashi 60 cikin 100 na hanyoyin kutse cikin kenel da masu bincike suka miƙa masa a shirinsa na ba da lada ta io_uring suka bi, saboda haka ya kashe shi a ChromeOS da sabobinsa, ya kuma toshe wa manhajojin Android hanyar kaiwa gare shi. Docker, wanda ake gudanar da manhajoji a keɓe a cikinsa a kan saba, shi ma ya toshe shi a tsarin tsaronsa na asali daga fitowa ta 25, Linux 6.6 kuma ta ƙara wani makunni da mai saba zai iya kashe shi da shi baki ɗaya. Ka ga ke nan, cikin wurare uku da manhajarka take zaune, babu shi a Windows, an hana ka shi a waya, a sabar haya kuwa mai yiwuwa ne ka tarar an kulle shi. Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba game da ƙarfinsa, amma bai dubi inda za ka sa shi ba.

Windows ta riga Linux a wannan fage. Tun Windows NT 3.5 a 1994 take da abin da ake kira IOCP, tashar da sakamakon ayyukan da suka kammala yake taruwa. Za ka buɗe fayil da tutar FILE_FLAG_OVERLAPPED, ka ɗaura shi a tashar, ka kira ReadFile ko WriteFile, su dawo nan take da ERROR_IO_PENDING, wanda ba kuskure ba ne, sanarwa ce cewa aiki yana tafiya. Daga baya ka karɓi sakamakon da GetQueuedCompletionStatus. A wannan yanayi Windows ba ta riƙe maka inda ka tsaya a cikin fayil, kai ne za ka faɗi wurin farawa a kowane roƙo, kuma mazubin da ka miƙa ya zama na kenel har sai sakamako ya dawo, in ka taɓa shi ko ka sake shi kafin nan za ka sami irin lalacewar da take bayyana sau ɗaya a wata ta kuma ƙi maimaituwa a gabanka. Duk da tsufan tsarin da ingancinsa, Microsoft da kanta ta rubuta cewa akwai yanayin da roƙon zai koma na jira ba tare da an sanar da kai ba: idan fayil ɗin matsattse ne a tsarin fayil na Windows mai suna NTFS, ko ɓoyayye ne da makulli, ko kuma rubutun yana ƙara wa fayil tsawo. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin abin da kake yi duk sa'ad da ka ajiye sabon hoto ko ka ƙara layi a ƙarshen lissafi. Buɗe fayil ɗin da CreateFile shi ma na jira ne, kuma a daidai nan ne manhajar kariya daga bairos take tsoma baki ta duba abin da aka buɗe, wanda a tsohuwar kwamfuta kan ɗauki lokaci fiye da rubutun kansa. Windows 11 ta zo da IoRing da ya kwaikwayi tsarin zobba, amma ayyukan da yake ɗauka ba su kai na Linux yawa ba, kuma kwamfutar da ke kan Windows 10 ba ta da shi.

Ba ka ambaci macOS ba, don haka abu ɗaya kawai zan ce: tana da kqueue domin soket, amma hanyar da Apple ta tanada domin fayil, ta cikin Grand Central Dispatch, ita ma zarurrukan gefe ce take gudanarwa a ɓoye.

To yaya waɗanda suka daɗe a wannan sana'a suka yi? Laburaren libuv, wanda Node.js, manhajar gudanar da yaren JavaScript, yake tsaye a kansa, yana amfani da epoll da kqueue da IOCP domin soket, kowanne a gidansa, amma aikin fayil yana miƙa shi ga rukunin zarurruka ne, guda 4 in ba ka sauya UV_THREADPOOL_SIZE ba, har a Windows inda IOCP yake. Sun ƙara io_uring a 2023, daga baya Node.js ya kashe shi a tsarinsa na asali bayan an gano wata ɓaraka ta tsaro. Tokio na yaren Rust yana aika aikin fayil ga zarurrukan da ya ware domin jira. A yaren Go, idan aiki ya maƙale a kiran fayil, mai rabon aiki yakan janye sauran ayyukan ya ba wani zare su. AsynchronousFileChannel da ya zo da Java 7 a 2011 yana amfani da IOCP a Windows, a Linux kuwa rukunin zarurruka. A Python, aiofiles ba komai yake yi ba illa wannan, haka ma asyncio.to_thread da ya zo a fitowa ta 3.9. Hatta rumbun bayanai na PostgreSQL, da ya kawo karatu ba tare da jira ba a fitowarsa ta 18 a 2025, ma'aikatan gefe ya zaɓa su zama na asali, ya bar io_uring ga wanda ya nema. Mutanen nan ba rashin sani ne ya sa suka yi haka ba. Sun ga cewa hanya ɗaya tak da take da hali iri ɗaya a ko'ina ita ce a bar kiran ya yi jiransa, amma a wani zare daban.

Saboda haka shawarata ita ce ka yi haka kai ma, amma da tsari. A kwamfutar sito, zaren fuska kada ya taɓa buɗe fayil ko rubuta shi. Ya jefa aikin a layi, wani zare ya ɗauka, in ya gama ya aiko da sakamako ta hanyar da laburaren fuskarka ya tanada, domin taɓa fuska daga zaren gefe wata sabuwar fitina ce. Kada makullin GIL na Python, wanda yake hana zarurruka biyu gudanar da umarnin Python lokaci guda, ya tsorata ka a nan, domin ana sakinsa yayin da zare yake jiran diski. A saba, ka nannaɗe dukan aikin, daga buɗewa zuwa rubutu zuwa rufewa, a cikin kira ɗaya na to_thread, maimakon ka aika kowane ƙaramin mataki shi kaɗai, saboda kowace miƙawa tsakanin zare da zare tana da kuɗinta. Layin kuma ya zama mai iyaka. Wannan shi ne abin da sababbin shiga suka fi mantawa: in hotuna suna shigowa da saurin da ya fi na diski, layin da ba shi da iyaka zai yi ta kumbura a RAM har babbar manhaja ta kashe manhajarka da duk abin da ke cikin layin. Gara layin ya cika, magatakarda ya ga alamar ya dakata kaɗan. Kuma yawan zarurruka ba shi ne sauri ba. A kan diski mai juyawa, zare ashirin masu rubutu lokaci guda allurar kawai suke wahalarwa, biyu ko huɗu sun isa.

Akwai ƙa'idodi biyu da ba sa sauyawa ko da wace hanya ka bi. Ta farko, ayyuka biyu da aka aika a jere ba lallai su kammala a jere ba, don haka kowane fayil ya zama marubuci ɗaya ne yake da shi, kuma in tilas ne zarurruka su raba fayil guda wajen karatu, ka faɗi wurin farawa a kowane kira, kamar yadda pread yake yi a Linux, kada ka dogara da alamar da fayil ɗin yake riƙewa. Ta biyu, soke aiki ba ya nufin an tsayar da shi. In ka soke aikin asyncio da yake jiran to_thread, jiran ne ka soke, zaren yana can yana ci gaba da rubutunsa. CancelIoEx na Windows da sokewar io_uring su ma roƙo ne da zai iya zuwa a makare. Ka rubuta manhajarka bisa zaton cewa abin da ka soke mai yiwuwa ya riga ya faru.

A waya lamarin ya fi tsauri, domin Android takan nuna wa mai waya cewa manhaja ba ta amsawa idan taɓawarsa ta yi daƙiƙa 5 ba a kula ta ba. Ka sa aikin fayil a cikin withContext da Dispatchers.IO, wanda shi ma rukunin zarurruka ne, iyakarsa ta asali 64, sannan ka kunna StrictMode lokacin gwaji domin ya tona maka duk inda babban zare yake taɓa diski a ɓoye. Tura hotuna zuwa saba kuwa ka bar wa WorkManager, saboda wakilin da ke ƙauyen da sabis yake zuwa yana ɗaukewa yana bukatar aikin da zai jira ya kuma sake gwadawa ko an rufe manhajar. Kafin duk wannan ma, ka auna ka gani ko diskin ne yake cin lokacin. Sau da yawa rage girman hoto da matse shi ne yake cinye daƙiƙun, kuma wannan aikin lissafi ne da babu wata dabarar fayil da za ta rage shi. Hoton rasit ba ya bukatar dukan girman da kyamara take ɗauka, muddin ana iya karanta lambobin.

Yanzu sai fayil ɗin da aka tarar wayam, wanda a ganina shi ne ya fi cancantar hana ka barci, tunda haƙƙin mutane ne a ciki. Idan write ya dawo lafiya, abin da yake nufi kawai shi ne kenel ya karɓi bayanan a RAM. A tsarin Linux na asali bayanai suna iya kai kusan daƙiƙa 30 a can kafin a sauke su, Windows ma tana da irin nata jinkirin. In kana buɗe fayil ɗin lissafi ta hanyar da take share tsohon abin da ke ciki sannan ka rubuta sabo, to akwai ɗan lokacin da tsohon ya tafi sabon bai sauka ba, kuma a wannan tsakanin wutarku ta ɗauke. Ba kai kaɗai ba ne. A 2009, lokacin da tsarin fayil na Linux mai suna ext4 yake sabo, mutane da yawa sun tarar da fayilolinsu wayam bayan kwamfuta ta mutu, bisa wannan dalili. NTFS da ext4 a tsarinsu na asali suna kare tsarin folda da sunaye ne da kundin da suke riƙewa, ba abin da ke cikin fayil ba, shi ya sa sunan ya tsira lissafin ya tafi. FAT32 da exFAT da ke kan filasha da memori ko wannan kundin ba su da shi.

Hanyar da aka yarda da ita tana da matakai da ba a tsallake ko ɗaya. Ka rubuta sabon abin a wani fayil na wucin gadi a cikin folda ɗaya da na ainihin, ka kira flush domin Python ya saki abin da ya riƙe, ka kira os.fsync domin kenel ya sauke shi kan diski, sannan ka sauya masa suna ya hau kan tsohon da os.replace. A Linux sai ka ƙara da fsync a kan foldar kanta, domin sabon sunan shi ma rubutu ne da zai iya ɓacewa. A Windows kuwa sauya sunan yana iya ƙin yiwuwa in wata manhaja, galibi ta kariya daga bairos ko mai jera fayiloli domin bincike, tana riƙe da tsohon, don haka ka tanadi sake gwadawa bayan ɗan jinkiri. A macOS fsync kaɗai ba ya tilasta wa diski ya zubar da ma'ajiyarsa ta ciki sai an nemi F_FULLFSYNC. Android tana da AtomicFile da yake ɗauke maka yawancin wannan. Kuma in fsync ya dawo da kuskure, kada ka sake kiransa ka ga ya yi nasara ka kwantar da hankalinka: a 2018 masu PostgreSQL suka gano cewa Linux tana iya watsar da bayanan bayan kuskuren farko, kira na biyu ya dawo lafiya alhali ba a rubuta komai ba, har suka sauya tsarinsu ya zama rumbun yana tsayawa gaba ɗaya ya farfaɗo daga kundinsa. Shi fsync kira ne mai nauyi, a nan ne ciwon biyu suka haɗu: a zaren gefe za a yi shi, amma alamar cewa an ajiye ba za ta bayyana wa magatakarda ba sai bayan ya dawo.

Wannan tsari ya dace da hotuna. Lissafin buhuna da bashin taki kuwa bai kamata ya zauna a fayil ɗin da kake sake rubutawa da hannunka ba tun farko. Ka mayar da shi ƙaramin rumbun bayanai na SQLite, wanda Richard Hipp ya fara fitarwa a 2000, yana cikin Python, yana cikin kowace wayar Android, kuma masu shi sun riga sun sha wahalar bambancin fsync da FlushFileBuffers da makullan fayil na kowace babbar manhaja a madadinka. Ka kunna tsarin WAL, wanda ya zo a 2010, wato a fara rubuta sauyi a kundi na gefe kafin a kai shi rumbun, domin masu karatu su daina jiran mai rubutu. Sai dai ka kula da saitin synchronous, wanda yake ƙayyade lokacin da SQLite zai kira fsync: in ka sa shi a NORMAL tare da WAL, ɗaukewar wuta ba za ta lalata rumbun ba amma tana iya tafiya da shigarwar ƙarshe, in ka sa FULL kuwa duk abin da aka ce an ajiye ya ajiyu. A wurin da manomi ya riga ya karɓi rasit ya hau babur, FULL nake zaɓa, domin magatakarda ba ya shigar da awo da saurin da bambancin zai dame shi. Zare ɗaya ya riƙe rubutu, kada ka ɗora rumbun a foldar da ake rabawa ta hanyar sadarwa saboda WAL ba ya aiki a can, kuma ka fara tabbatar da hoton a diski kafin ka rubuta sunansa a rumbu, domin hoton da ba shi da lissafi ana iya share shi daga baya, lissafin da yake nuni ga hoton da babu shi kuwa rigima ce tsakanin ƙungiya da manomi.

Ranar da io_uring zai zama abin dubawa a wurinka ita ce ranar da sabarka take da diskin SSD mai sauri irin na NVMe, roƙo dubbai suke shigowa a daƙiƙa, kuma ka auna ka ga lokacin yana ƙarewa ne wajen shiga kenel da miƙa aiki tsakanin zarurruka. Ko a lokacin, ka ɓoye shi a bayan ƙofa ɗaya a cikin manhajarka, tare da hanyar komawa ga zarurruka in an tarar an kulle shi. A yanzu gwajin da zai amfane ka shi ne ka ɗauki kwafin bayanan, ka sa manhajar ta yi ta shigar da awon gwaji a kan irin kwamfutar da ke sito, ka cire batirin ka zare wutar ana tsakiyar rubutu, ka maimaita sau da yawa, kowane karo ka duba ko duk abin da fuska ta ce an ajiye yana nan. Kashe manhajar kawai ba zai nuna maka komai ba, saboda kenel yana raye zai ƙarasa rubutun. In gwajin ya nuna ɓata alhali ka bi matakan nan duka, ka tuhumi diskin ko memorin, domin akwai masu araha da suke amsa cewa sun sauke bayanai tun ba su sauke ba, kuma wannan babu manhajar da za ta gyara shi sai sauya na'urar, tare da ƙaramin UPS ko batiri mai lafiya a kwamfutar siton.